Wata bakwai ina bin takardun Baba, da tsohon da na raina a ƙofar kotu

Da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ɗawainiyar fito da abin da ya bari a banki ta faɗo kaina, don ni ne babba a cikin 'ya'yansa. Ba wata dukiya ba ce mai yawa, ɗan abin da ya tara ne a shekarun aikinsa, amma da shi Umma za ta ci gaba da riƙe ƙannena uku da ke makaranta. Na ɗauka aikin mako biyu ne. Wata bakwai ya ci, kuma kusan uku daga cikin watannin nan ni na jawo wa kaina, saboda yadda na riƙa auna mutane da ido. Dokar gado da sunayen ofisoshi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma matakan suna kama da juna, halin mutanen da za ka tarar ma haka. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani, ko wani ya huta da wahalar da na sha.

Asibiti ne matakin farko, wajen karɓar takardar likita mai bayanin rasuwar. Na je ofishin ajiyar bayanai da kayan da na kwana uku da su a wajen jinya, riga duk ta yamutse, ƙafata silifas, idona ya faɗa. Na miƙa katin Baba ta taga, akawun ya karɓa bai ko ɗago kai ba, ya ce in zauna. Na zauna tun ƙarfe tara. Wajen sha ɗaya wani mutum ya shigo yana kaɗa makullin mota, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Akawun nan da bai da lokacin kallona ya miƙe tsaye, ya buɗe masa ƙofa, kafin minti ashirin ya fito da takardarsa a ambulan. Ni sai bayan ƙarfe ɗaya aka kira ni, na biya ɗan kuɗin da aka yanka, aka ba ni rasit. Ban yi magana ba. Mai sabon rashi ba shi da ƙarfin faɗa, amma abin ya zauna mini a zuciya. Washegari na kai takardar likitan ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, tare da katin shaidar Baba da nawa da ƙananan hotuna. Na cike fom a tsaye, a gaggauce, ban tsaya duba yadda na rubuta sunansa ba. Bayan kwana huɗu aka ba ni takardar shaidar mutuwa mai hatimi. Ku riƙe maganar sunan nan, za ta dawo.

Zuwana banki na farko ma da irin wannan shigar na yi shi. Tun daga ƙofa mai gadi ya tare ni da tambayar wa nake nema, alhali mutum biyu sun wuce gabana bai ce musu komai ba. A ciki aka yi ta jifa da ni daga tebur zuwa tebur. Wata ma'aikaciya ta ce mai kula da irin wannan ba ya nan, in dawo wani makon, tana faɗa tana kallon kwamfuta. Da na koma gida na ba Umma labari, sai ta ce, “Kai ma ka dubi kanka a madubi mana. Ka yi aski, ka sa kayan kirki, ka koma.” Haka na yi. Na sa kwat ɗin da nake zuwa taro da ita, na goge takalmi, na riƙe takarduna a jaka. Mai gadin nan ya ƙame ya gaishe ni. Ma'aikaciyar da ta sallame ni kwana uku da suka wuce ba ta gane ni ba, ta jawo mini kujera tana cewa, “Yallaɓai, me za mu yi maka?” A zama ɗaya ta yi mini bayanin komai: in rubuto wasiƙar sanar da rasuwa in haɗa da kwafin takardar shaidar mutuwa, za su rufe asusun, babu mai taɓa ko sisi sai an kawo takardar kotu mai nuna waɗanda aka ba izinin kula da dukiyar mamaci. Ta kuma gargaɗe ni kada kowa ya yi amfani da katin cire kuɗin Baba, don yin haka bayan rasuwa laifi ne ko da magaji ne ya yi. Ashe mai kula da aikin ita ce tun farko.

Ni malamin makaranta ne, kuma abin da ya same ni a bankin na karanta shi tun ina kwalejin horon malamai. A 1920 wani masani ɗan Amurka, Edward Thorndike, ya duba yadda hafsoshin soja ke ba na ƙasa da su maki. Ya ga wanda aka yaba wa ƙirar jiki da tsayuwa, shi ne dai ake yaba wa basira da iya shugabanci da kyan hali, kamar siffa ɗaya ta haska duk sauran. An koya mana wannan ne don kada mu ƙara wa ɗalibi maki saboda tsaftar rigarsa. Na fito daga bankin ina tuna darasin, amma abin da na ɗauka daga gare shi karkatacce ne. Na ce a raina tunda duniya kaya take kallo, to masu kaya su ne masu iya buɗe ƙofa. Da wannan tunanin na nufi kotu.

Sashen kula da gadon yana can ƙarshen wani dogon baranda. A bakin ƙofar akwai benci, a kansa wani dattijo zaune, rigarsa ta koɗe har ba a gane asalin launinta, takalminsa an ɗinke shi da zare a wuri biyu, tabaransa an ɗaure ƙafa ɗaya da roba. Ya ga jakar da ke hannuna, ya amsa sallamata, ya ce, “Ɗana, rasuwa aka yi muku? Allah ya jiƙansa. Kafin ka sayi fom, zauna nan ka jera takardun, ka duba sunan marigayin a kowace, harafi bayan harafi.” Na dube shi sama da ƙasa. Abin da ya zo mini shi ne ɗan na goro yake nema. Na ce, “To Baba, na gode,” irin godiyar da ake yi don a rabu da mutum, na wuce. Ban yi taku goma ba wani ya tare ni, fes da shi, kwat baƙa, agogo mai walƙiya, jakar fata, waya biyu a hannu. Ya yi mini ta'aziyya cikin nutsuwa, ya kira wani ma'aikaci da ke wucewa da sunansa, ma'aikacin ya ɗaga masa hannu. Ya ce idan na bi layi sai in shekara ban gama ba, amma shi yana aiki da wani ofishin lauyoyi, cikin mako uku zai miƙo mini takardar. Ban tambaye shi katin aiki ba. Ban tambayi inda ofishin yake ba. Na tura masa kuɗi kusan rabin albashina na wata, babu rasit, sannan na yi abin da ya fi wannan muni: na damƙa masa ainihin takardar shaidar mutuwar, ba kwafi ba.

Makon farko yana ɗaukar waya da fara'a. Na biyu ya ce magatakarda ya yi tafiya. Na uku ya nemi ƙarin kuɗi wai na hatimi, na tura. Daga mako na biyar wayar ta daina shiga. Na yi ta zarya a barandar nan ina leƙen fuskoki har mako na bakwai. Ma'aikacin da ya ɗaga masa hannu ranar ya ce shi bai ma san sunansa ba, yana dai ganinsa a harabar, kuma duk wanda ya gaishe shi yana amsawa. Daren ranar ban runtsa ba. Kuɗin sun dame ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda na yarda da mutumin tun kafin ya gama jimlarsa ta farko. Daga baya na ci karo da binciken da Janine Willis da Alexander Todorov suka wallafa a 2006 daga Jami'ar Princeton. Sun riƙa nuna wa mutane hotunan fuskoki na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma wannan ƙiftawar ta ishi mai kallo ya yanke cewa wane amintacce ne ko a'a. Da aka ƙara musu lokaci, hukuncin bai sauya sosai ba, sai dai tabbacinsu a kansa ya ƙaru. Haka ya faru da ni. Na gama yanke hukunci a kallon farko, duk abin da mutumin ya faɗa bayan nan na karɓe shi a matsayin ƙarin hujja. Akwai wani gwajin ma da aka yi a birnin Austin na jihar Texas a 1955, inda mutum ɗaya ya riƙa tsallaka titi alhali fitila ta hana. Idan yana cikin kwat, masu bin bayansa su karya doka sun ninka fiye da sau uku a kan lokacin da yake cikin kayan leburanci. Ni ma bayan kwat na bi na tsallaka.

Sake samun takardar shaidar mutuwa ya ci mako uku. Sai da na kai rahoton ɓatanta ofishin 'yan sanda aka ba ni takarda, na yi takardar rantsuwa a kotu, na koma ofishin rajista na biya kuɗin kwafi mai hatimi. Kowane mataki da kuɗinsa da layinsa. Daga nan na sayi fom da kaina a kantar kotu, na cike, na miƙa. Duk wannan shiga da fitar ina wuce dattijon nan a kan bencinsa, ina kawar da kai don kunya. Bayan mako uku aka dawo mini da fayil ɗin da jan biro a kai. Sunan Baba a banki guda uku ne, a takardar shaidar mutuwa biyu na rubuta, kuma a sunan kakanmu akwai harafi ɗaya da ya bambanta. A idon doka waɗannan mutum biyu ne. Na fito ƙafafuna ba ƙwari, na zauna a kan bencin nan ba tare da na yi niyya ba. Ɗan hakin da na raina shi ya tsone mini ido.

Bai ce mini ai na faɗa maka ba. Ya matsa ya ba ni wuri, ya karɓi fayil ɗin, ya kawo shi kusa da tabaransa, ya sa yatsa daidai kan harafin. Ashe shi ne masinjan sashen, ya fi shekara talatin yana ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, ya san dalilin da ke sa kowanne ya dawo. Na ce, “Baba, ka yafe mini, ranar farko ka faɗa mini ban ji ba.” Ya ce, “Ba komai ɗana, ba kai ne na farko ba. Ɗauko biro.” A bayan wani tsohon ambulan na rubuta abin da ya faɗa. In yi takardar rantsuwa cewa sunayen nan na mutum ɗaya ne, in haɗa da duk wata tsohuwar takardar Baba mai ɗauke da cikakken sunansa. In karɓo wasiƙar banki mai nuna adadin abin da ke asusun, don a kansa ake lissafa kuɗin da kotu ke karɓa. In rubuta sunayen magada duka da shekarunsu, manyan su sa hannu cewa sun amince da waɗanda za a ba izini, kuma tunda akwai yara ƙanana gara mu zama biyu, ni da Umma. In kawo mutum biyu masu tsaya mana. Kada in ba kowa ko sisi sai a wurin mai karɓar kuɗi, kuma in tsaya sai an ba ni rasit. Bayan nan za a buga sanarwa a jira wa'adi ko akwai mai ƙorafi. Ya ce wannan jiran babu mai iya gajarta shi, duk wanda ya ce zai iya, ƙarya yake. Na zaro kuɗi zan ba shi, ya mayar mini da hannuna, ya ce in riƙe na biya kuɗin rantsuwa.

Maganar masu tsayawa ta sake nuna mini cewa ciwon bai gama warkewa ba. Wanda na fara tunani wani ɗan'uwan Baba ne mai muƙami, don ina ganin sunansa kawai zai sa fayil ya yi gudu. Ya ce babu damuwa. Sau uku ana sa rana, sau uku ina tsaye a baranda ina kiran waya, ana ce mini yana taro. Wata guda ya tafi a haka. Umma ce ta ce, “Ka je wajen abokin babanku makanike mana.” Raina bai so ba, don ina tunanin yadda za a kalle shi a ofis. Na je. Ban gama bayani ba ya ajiye sufana, ya wanke hannu, ya buɗe wata akwatin ƙarfe ya fito da takardun gidansa da na harajinsa na shekaru, a jere, babu wadda ta ɓata. Ranar da aka sa ya riga ni isa kotu. Jami'in da ke tantancewa ya dubi baƙin man da ya zauna a faratansa, ya yi ta juya takardun yana maimaita tambaya, gidan nan naka ne kuwa, ka san nauyin abin da za ka sa wa hannu? Na biyun, wani abokin aikina da ya zo da taye a wuya, ko minti biyu bai yi a gabansa ba. Makaniken bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, na sani. Marigayin ya tsaya mini lokacin da ba ni da komai.” Ya sa hannu. Ina tsaye a gefe ina jin haushin jami'in, sai na tuna ni ma mako guda kafin nan irin wannan kallon na yi wa bawan Allahn nan a zuciyata.

A watannin jira na saba da mutanen layi. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, takardunta a ƙulle cikin leda, ba ta iya karatu ba. Kullum tana cikin na farkon zuwa, kullum ana tsallake ta, har mu da ke layi muna wuce ta kamar ba mu gan ta ba. Ranar da na zauna na cike mata fom na tarar ta haddace ranar da aka buɗe asusun mijinta da lambar fayil ɗinta da sunan kowane tebur da ya bi. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ta. A ranar hadisin nan na cikin Bukhari ya faɗo mini, wanda na sha ji ban taɓa ɗora shi a kaina ba. Wani mai hali ya wuce, Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai me za su ce a kansa, suka ce wannan idan ya nemi aure a ba shi, idan ya yi ceto a karɓa, idan ya yi magana a saurara. Wani talaka ya wuce, suka faɗi akasin haka. Sai ya ce wannan talakan ya fi cikin ƙasa na irin wancan. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar saurare. Rainin da ake yi wa mai tsohuwar riga yawanci ba zagi ba ne, ƙin sauraro ne, kuma shi na yi wa dattijon nan a ranar farko.

Da wa'adin sanarwa ya cika babu mai ƙorafi, aka kira mu ni da Umma muka sa hannu a gaban magatakarda, bayan mako biyu takardar izinin ta fito. Na yi mata kwafi da yawa, na sa aka buga wa kowanne hatimin tabbatarwa kafin na nufi banki. A can aka ce za su aika kotu su tabbatar da ingancinta, wannan ya ɗauki mako uku, sannan muka buɗe asusu na musamman da sunan dukiyar marigayi aka mayar da kuɗin ciki. Duk zaman da muka yi, ma'aikacin ni yake kallo, ni yake tambaya, har yana cewa in yi wa Mama bayani, alhali tana zaune a gabansa tana jin komai. Da aka zo lissafi, Umma ta zaro ƙaramin littafin da take rubuta kuɗin gida, ta nuna masa wani kuɗi da aka cire bayan ranar da muka sanar da rasuwar. Ya duba kwamfuta, ya yi shiru, ya gyara zama, ya ce, “Hajiya, gaskiyarki.” Daga nan da ita ya ci gaba da magana, kuma an mayar da kuɗin.

Ga wanda zai bi wannan hanya, ka fara da abin da dattijon ya ce: jera takardu ka daidaita suna tun kafin ka sayi fom. Kada ainihin takarda ta bar hannunka sai a kan kantar ofis, kuma a rubuta maka shaidar an karɓa. Kada ka biya kuɗin da babu rasit. Ba zan ce kada ka yi shiga mai kyau ba, don na ga bambancin da ta yi mini a banki, kuma mai neman haƙƙin marayu ba shi da lokacin gyara halin kowane akawu. Sa kayanka masu tsafta ka je. Amma mudun da aka auna ka da shi ya yi maka zafi, kada ka ɗauke shi ka auna wani. Abin da na koya na yi yanzu, idan mutum ya ba ni shawara a irin waɗannan wurare, shi ne in tambayi kaina ko maganarsa abar dubawa ce. Dattijon ya ce in duba takardun da ke hannuna, abin da zan iya tabbatarwa cikin minti biyar ba tare da na kashe komai ba. Mai kwat ya ce in ba shi kuɗi da takarda in tafi gida in jira. Da maganganun biyu kawai na auna, na rufe ido daga masu faɗarsu, da ban yi kuskure ba. Haka nan wanda ya daɗe a ƙaramin matsayi, masinja ko mai shara ko mai gadi, sau da yawa ya fi na cikin ofis sanin inda fayil ke maƙalewa, don ta hannunsa yake wucewa kullum.

Bayan an gama komai na koma kotun don in gaya wa dattijon. Na tarar da shi a kan bencinsa, yana yi wa wani saurayi mai jaka a hannu magana, saurayin yana gyaɗa kai yana kallon ƙofa, ƙafarsa ɗaya ta riga ta yi gaba. Na riƙo hannunsa na ce, “Ɗan'uwa, zauna ka ji abin da Baba zai faɗa maka, wata uku na yi asara a kan wannan maganar.” Ya dube ni, ya dubi dattijon, ya zauna. Muka jera takardunsa a kan bencin mu uku, Baba ya gyara tabaransa ya fara bin sunan da yatsa.